Ina Za Mu Je Hutu? Tafkin Kainji Yana Ƙofar Gidanmu

Ran nan da daddare, bayan an gama jarrabawar zangon farko, muna zaune a ɗakin kwanan ɗalibai ana hirar inda kowa zai dosa, sai wani abokinmu ya zaro wayarsa ya shiga nuna mana hotunan birnin Janiba na ƙasar Suwizalan. Ga tafki shuɗi shar kwance a gaban gari, ga jirage suna ta kai da kawowa, ga duwatsu can baya sun yi rawani da ƙanƙara. Ɗakin ya ɗauki salati, kowa yana cewa Allah ya kai shi can ko da na kwana biyu ne. Da hayaniya ta lafa sai ɗayanmu ya yi tambaya, ya ce a cikinmu wa ya taɓa kwana a Yawuri? Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin, dukanmu 'yan Jihar Kebbi, amma mutum biyu kaɗai suka ce sun san garin, su ɗin ma wucewa suka yi a mota a kan hanyarsu ta zuwa Kwantagora, suka sayi soyayyen kifi ta taga. Wannan amsa ta ba mu kunya ƙwarai, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Mu dai mutanen Kende ne, a ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin, kuma a bakin ruwa aka haife mu. Gulbin da ya taso daga ƙasashen Katsina da Zamfara, ya ratsa Sakkwato da Argungu da Birnin Kebbi, ta gabanmu yake wucewa kafin ya faɗa Kogin Kwara. Shi kuwa Kwara daga tsaunukan Gini ya taso, ya bi ta Bamako da Gawo da Yamai, ya shigo Nijeriya ta wannan kusurwa tamu, tsawonsa duka ya haura kilomita 4,000. Kowane yaro a wajenmu ya san kogin yakan cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda yake zuwa wajen watan Agusta zuwa Oktoba, akwai kuma baƙin ruwa mai garau, wanda yake iso mana da hunturu, domin ya daɗe yana yawo a fadamun ƙasar Mali kafin ya ƙaraso. A cikin wannan ruwa muka koyi iyo, da shi iyayenmu suke noman shinkafa, shi ne kuma yake cinye mana gonaki idan ya fusata, kamar yadda ya yi a 2012 da 2020. Duk da haka ba mu taɓa bin sa mu ga inda yake taruwa ba.

Saboda haka mu biyar muka yi karo-karo, muka ɗauki kwana uku daga cikin hutunmu, muka hau mota ta Koko muka nufi Yelwan Yawuri. Mun isa da la'asar sakaliya, muka ajiye jakunkuna, muka gangara bakin ruwa. Jama'a, gani ya kori ji. Mun saba da gulbi mai gaɓa biyu wanda mutum zai tsaya a wannan ya kira na wancan, amma a nan ruwa ya buɗe, ga gungu nan da can, ga kwalekwale suna dawowa daga su, rana tana faɗuwa ta mai da ruwan kamar an zuba manja. Mata suna ƙyafe kifi, hayaƙi ya tashi, 'yan dako suna sauke buhunan albasa daga manyan jirage, Gungawa da Sarkawa da Kambari da Nufawa da Zabarmawa kowa yana ciniki da Hausa irin ta bakinsa. Mun ga giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu, mun kuma ji masunta suna gargaɗin juna game da mashigin da dorina take kwana. Wanda ya nuna mana hotunan Janiba yana cikinmu, shi ne kuwa ya fi kowa ɗaukar hoto.

Ya kamata mai karatu ya san girman abin da muke magana a kai. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwan da aka tare ya koma baya ya zama tafki mai tsawon kimanin kilomita 135, tun daga bakin madatsar har zuwa wajen Yawuri. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,200. Tafkin Janiba da muke ta yi wa salati murabba'in kilomita 580 ne, watau namu ya ninka shi har da ɗori. Garin da ke bakinsa kuwa ba baƙo ba ne a tarihi. Ta ƙasar Yawuri da ta Illo fatake suke ƙetare Kwara a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. A Busa, can ƙasa da Yawuri, Baturen nan Mungo Park ya halaka cikin ruwa a 1806, a 1830 kuma Richard Lander da ƙanensa John suka zo har fadar Sarkin Yawuri suna neman takardunsa, daga nan suka bi kogin har teku. Tun 1888 fadar masarautar take a Yelwa. Duk wannan mun hardace shi don cin jarrabawa, amma sai da muka tsaya a gaɓar ruwan sannan karatun ya zauna mana.

To, amma fa tafkin nan ba kyauta aka same shi ba. Kashegari da safe muka yi jinga da wani dattijo mai kwalekwale ya zaga da mu. Da muka yi nisa sai ya tsai da tuƙi, ya nuna wani wuri da filafilinsa inda babu kome sai ruwa, ya ce, “Samari, a ƙarƙashin nan aka binne cibiyata. Nan ne gidan mahaifina, can kuma gonar albasarmu.” Muka ce, “Baba, yanzu ina kuke zaune?” Ya ce gwamnati ta gina musu wasu gidaje a tudu tun yana yaro, amma har gobe idan ya yi mafarkin gida, gungun nan yake gani. Mutum kimanin 44,000 aka tasa daga garuruwansu saboda wannan tafki. Tsohon garin Busa ɗungurungum ya nutse, aka gina Sabuwar Busa a madadinsa, gungaye masu yawa na Gungawa kuma ruwa ya shafe su. An yi haka ne don ƙasa ta sami wutar lantarki, injinan da aka kafa a madatsar kuwa an tsara su ba da megawat 760. Da muka koma masaukinmu a daren nan, da fitilar waya muka ci tuwo, domin babu wuta. Wanda ya tsaya ga hoto ba zai san wannan ba, wanda kuma bai san wannan ba bai cancanci a ba shi teburi a ofis yana yanke wa mutanen bakin ruwa hukunci ba.

Akwai kuma abin da ya tsorata mu. A rana ta biyu mun so mu ƙetare zuwa wani ƙauye a cikin babban jirgin inji na haya. Muna tsaye aka yi ta lodi, buhuna da babura da awaki da mata masu goyo, har bakin jirgin ya kusa sumbatar ruwa, kuma babu rigar kariya ko ɗaya a ciki. Muka tambaya, aka yi mana dariya, aka ce 'yan boko tsoro gare su. Muka haƙura muka fasa. Ba mu manta ba cewa ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, a kan wannan tafki, kuma kimanin mutum 20 kaɗai aka ceto da rai. Matuƙa sun faɗa mana kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka cika tafkin suna nan a ƙarƙashi suna jiran jirgin da zai bi ta kansu, musamman da dare ko idan ruwa ya ja baya. Mu baƙi muna da zaɓin fasa tafiya. Matar da za ta kai kifinta kasuwa ba ta da wannan zaɓi.

Daga abin da muka gani muka tsai da ra'ayi, shi ne cewa ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ya wajaba su riƙa ware 'yan kwanaki daga hutunsu su fita su ga ƙasarsu, kuma su fara da wadda take kusa. Mun san za a kawo mana suka, don haka bari mu tare ta tun da wuri.

Suka ta farko ita ce yawon buɗe ido al'adar Turawa ce da masu kuɗin da suka rasa abin yi. Mu ba mu yarda ba. Bahaushe da ya ce tafiya mabuɗin ilmi bai koya daga Bature ba. Kakanninmu sun taka daga Kano har Salaga da jakuna, almajirai sun ratsa Gabas neman karatu, alhazai sun yi shekaru a hanyar Makka ta Sudan, kowannensu ya dawo da labarin garuruwa da mutane da sana'o'i. Abin da ya zama sabo shi ne ɗan boko mai digiri wanda ya san sunayen kogunan Turai amma bai san inda gulbin garinsu ya nufa ba. Ita kanta gwamnati da ta kafa shirin bautar ƙasa a 1973, ai ta yi ne don ta gane matashin da bai taɓa fita daga jiharsa ba yana ɗauke da jahilci irin wanda aji ba ya warkarwa. Mene ne ya sa za mu jira sai an ba mu kaki sannan mu motsa?

Suka ta biyu ita ce babu kuɗi. Gaskiya ne aljihun ɗalibi a bushe yake, albashin ƙaramin ma'aikaci kuma ba ya kai shi ƙarshen wata. Amma mu biyar ɗin nan ba 'ya'yan attajirai ba ne. Ɗaki ɗaya muka kama, muka shimfiɗa tabarma, muka ci abincin kasuwa, abin da kowannenmu ya kashe kuwa bai kai kuɗin da wasunmu suke zubawa a katin waya cikin zango ɗaya ba. Ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama yana da hutun kwana 30 a shekara. Da yawa daga yayyenmu a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida suke cinye shi, ko kuma su riƙa leƙa ofis don kada a manta da su. Kwana uku daga cikin talatin ba za su talauta kowa ba, kuɗin da aka kashe kuma aljihun mai kwalekwale da mai tuwo da mai ƙyafe kifi zai shiga, watau 'yan'uwanmu ne za su amfana.

Suka ta uku ita ce mai nauyi, ba kuma za mu yi wasa da ita ba, watau rashin tsaro. Shirinmu na farko shi ne daga bakin ruwa mu wuce Zuru ta hanyar Mahuta da Dabai, mu hau duwatsun ƙasar Dakarkari, mu ga garin da ake bikin Uhola, don hutun ya haɗa tafki da dutse kamar na cikin hoton. Iyayenmu suka hana, muka bi maganarsu, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Kowa yana tune da ran 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. Gandun namun daji na Tafkin Kainji, wanda aka haɗa daga dazuzzukan Borgu da Zugurma, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 5,000, shi ma miyagu sun sami mafaka a cikinsa, har mutane suka ɗauke ƙafa. Ba mu ce kowa ya jefa kansa cikin halaka ba. Sai dai muna jan hankali ga wani abu guda: hanyar da mutanen kirki suka daina bi, ita ce take zama ta ɓarayi, garin da ba mai zuwa kuma ba mai jin kukansa. Inda aka tabbatar da lafiyar hanya, a je da rana, a je cikin ƙungiya, a nemi shawarar mutanen gari. Inda babu lafiya kuwa, a rubuta, a yi magana, a tambayi hukuma dalilin da ya sa ɗan jiha ba zai iya ziyartar rabin jiharsa ba.

Su mutanen Suwizalan da muke sha'awa, tafki da dutse kawai Allah ya ba su, sauran duk aikin hannu ne. A 1841 wani Bature mai suna Thomas Cook ya tara mutum kimanin 500 a garin Lesta na Ingila, ya kai su wani gari kusa a jirgin ƙasa ya dawo da su, kowa ya biya sule ɗaya. Daga wannan ƙaramar tafiya sana'ar ta girma, har a 1863 ya fara kai ayari Suwizalan. Abin lura a nan shi ne talakawa ne suka fara, da ɗan abin da ke hannunsu, kuma a kusa da gida. Masu masauki da masu jirage sun ga baƙi suna zuwa sannan suka gyara, hukuma ta ga riba sannan ta shimfiɗa hanya ta kafa doka. A nan gida kuma muna da darasi ta ɗaya fuskar. A zamanin Gwamna Audu Bako an gina otal na alfarma a bakin tafkin Bagauda a Jihar Kano, ya yi tashe na wani lokaci, daga baya ya durƙushe, har wurin ya koma reshen makarantar horar da lauyoyi. Gini kaɗai ba ya riƙe wurin shaƙatawa idan mutanen ƙasa ba su ɗauki zuwa wurin a matsayin al'adarsu ba.

Jiharmu ba ta rasa abin nunawa ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A Argungun akwai gidan tarihi na Kanta. A Yawuri akwai bikin Rigata, inda ake tseren jirage da nuna bajinta a kan ruwa. A Sabuwar Busa, can Jihar Neja, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ɗaliban kimiyya da na aikin gona za su ƙaru da ita fiye da yadda za su ƙaru da allo. Amma biki kwana uku ne ko huɗu a shekara, manyan baƙi su zo da jiniya su koma, sauran kwanaki kuwa tafkin yana nan, mutanensa suna nan, ba mai leƙa su.

Saboda haka ga shawarwarinmu. Ga ƙungiyar ɗalibai, muna roƙo a kafa kwamitin tafiye-tafiye, a ware wani kaso daga kuɗin da muke biya kowace shekara, a riƙa shirya tafiya ɗaya a kowane zango zuwa wani sashe na jiha, da motar makaranta, da malami ɗaya ko biyu masu rakiya, da tanadi na musamman don 'yan'uwanmu mata su sami masauki mai mutunci da yardar iyayensu. Duk ayarin da ya dawo ya rubuta abin da ya gani a wannan mujalla, mai daɗi da marar daɗi. Kuɗin da ake kashewa a liyafar rantsar da shugabanni kaɗai zai isa tafiya biyu.

Ga yayyenmu ma'aikata, musamman waɗanda suke ma'aikatun ayyuka da lafiya da ilmi da aikin gona, muna cewa takardar da take zuwa teburinku daga Ngaski ko Shanga ko Bagudo, mutane ne a bayanta. Wanda ya taɓa tsayawa a mashigin jirgi ya ga yadda ake lodi, hannunsa ba zai yi nauyi ba ranar da takardar sayen rigunan kariya ta iso gabansa. Zuwa da kai ya fi aike.

Ga hukuma kuwa, buƙatunmu ba su da yawa, kuma mazauna wurin sun riga baƙi cancantarsu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa da hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki daga ruwa, tare da gwamnatin jiha, su tsaya a kan a cire kututturan da ke hanyar jirage, a sa alamu, a gina matsaya ta kankare a manyan mashigai, a ƙayyade yawan lodi, a hana tafiyar dare, a kuma sa mutum a kowane mashigi wanda aikinsa shi ne ya ga kowa ya sa rigar kariya kafin jirgi ya tashi. Rabon riguna a gaban 'yan jarida ba ya ceton kowa idan rigunan a sito za su ƙare. A kuma ba garuruwan da suka ba da gidajensu don a yi wuta rabonsu na wutar.

Mu kanmu masu zuwa akwai ladabin da ya hau kanmu. Mutanen bakin ruwa ba abin kallo ba ne kamar namun gidan zu. A yi sallama, a gai da manya, a nemi izini kafin a ɗauki hoton mace ko na gidan mutum, a biya mai kwalekwale haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba, kada a bar leda da robar ruwa a gaɓa. A saurari dattawa, domin tarihin gungayen da suka nutse a bakinsu yake, kuma kullum raguwa suke yi. Ɗaliban tarihi da na harsuna da suke neman abin rubutawa a kundin kammala digiri, ga aiki nan yana jiransu.

A rana ta uku muka kamo hanyar gida da ƙullin busasshen kifi da albasa na tsaraba. Da muka iso Kende muka tsaya a bakin gulbinmu, muka dube shi da wani ido dabam, domin yanzu mun san ruwan da ke wucewa ta gabanmu zai je ya kwanta a kan gidan mahaifin dattijon nan, ya juya injinan Kainji, ya haskaka biranen da ba su taɓa jin sunan garinmu ba. Har yanzu muna fatan Allah ya kai mu Janiba, ba mu fasa ba. Amma idan mun je aka tambaye mu labarin ƙasarmu, muna so ya zamana muna da abin faɗi wanda idonmu ya gani. Hutu mai zuwa yana tafe, kwamitin ƙungiya yana da ofis, mu kuma a shirye muke mu ba da sunayenmu a farkon takarda. Wa zai biyo mu?